Jawabin Bikin Yaye Matasa Masu Feshin Gona a Kura

 

Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, ƙasar Kura da Bunkure da Garun Malam ta daina jiran damina. Ilimi ne ya kawo mana wannan alheri, mun gode wa Allah.

Amma wanda ya yi noman tumatir a 2016 bai manta da sharon ba, tsutsar nan da ta shiga cikin ganye ta ƙone gonakin Kadawa kamar an sa wuta. A shekarar na ga wani yaro goye da famfon feshi, ba takalmi, ba takunkumi, magani yana zuba masa a gadon baya. Da ya gama, ya wanke famfon a kanal, ƙasa kaɗan kuwa yara suna wanka. Washegari aka tsinke tumatirin aka kai kasuwa. Har yau abin yana cina.

'Ya'yana, an koya muku awon da ke kashe tsutsa. Ba a rubuta a jikin kwalba hakkin kifin da ke cikin kanal ba, ko na zumar da ke bin fure, ko na uwar da za ta yi miya da wannan tumatir a Legas, wadda ba za ta taɓa sanin sunanku ba. Su ma halittun Allah ne, amanarsu tana wuyanku.

Ga kuma sabon waken nan, SAMPEA 20-T, da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru ta fitar a 2019. An dasa masa ƙwayar halitta daga wata bakteriya ta cikin ƙasa, yana kare kansa daga tsutsar kwanso, feshi ya ragu. Manoma za su tambaye ku: ya halatta ɗan Adam ya taɓa asalin iri? In an shuka, irin na wane ne? Kada ku raina tambayar, domin ni ma ina yin ta. Ku faɗi abin da aka gwada, ku bar manomi ya zaɓa da idonsa a buɗe.

Idan mai gona ya matsa muku a yi tsinka kafin kwanakin magani su cika, ku ce a'a, ko da zai sallame ku.

Ranka ya daɗe Hakimi, ga ɗalibai nan, a miƙa musu takardunsu. Allah ya yi musu albarka.