Daga Kuturin Doki Zuwa Teburin Caca: Asalin Kalmar Croupier



Maudu'inmu na yau wata kalma ce ta Faransanci, wato croupier, wadda furucinta ya yi kusa da "kurufiye", sunan ma'aikacin da ke kula da tebur a manyan gidajen caca na Turai, shi ke raba karta, shi ke biyan wanda ya ci, shi ke kwashe kuɗin wanda aka cinye. Kada kowa ya ga baƙon abu a cikin wannan bincike, domin malaman lugga ba su taɓa ƙyamar lafazi saboda munin abin da yake nufi ba, har ma Ibn Ƙutaiba ya wallafa littafi sukutum a kan maisir, wato caca, da kiban da Larabawan jahiliyya ke yin sa da su.

Tushen kalmar shi ne croupe, wato kuturin doki, kuma croupier a ma'anarsa ta farko shi ne wanda mahayi ya goya a bayansa, wanda Larabawa ke kira radifi. Wanda aka goya kuwa, ko da yake linzami ba ya hannunsa, duk inda mahayi ya nufa nan ya nufa, in kuma doki ya yi tuntuɓe tare za su sha ƙasa. Daga wannan hali ne Faransawa, ta hanyar majazi, suka ara wa sunan ma'ana ta biyu, ya zama mutumin da ke tsayawa a bayan ɗan caca yana ƙara masa jari, suna tarayya cikin riba da hasara. Haka nan kafin juyin juya halin Faransa na 1789, masu ɓoyayyen kaso a cikin ribar attajiran da suka sayi haƙƙin karɓar harajin sarki, da wannan suna ake kiransu, kuma har yau shari'ar Faransa ta san yarjejeniya mai wannan suna, inda mai hannun jari ke raba kasonsa da wani na waje.

To, a nan ne nake roƙon ku tsaya ku yi tadabburi. Yayin da caca ta tashi daga wasan mutum da mutum ta koma sana'ar gidaje masu izinin hukuma, tun daga Ridotto da aka buɗe a Venis a 1638, har zuwa gidan Monte Karlo da François Blanc ya karɓi ragamarsa a 1863, sai sunan ya koma kan mataimakin mai gida, wanda amanarsa ba ta ga ɗan wasa, tana ga wanda ke biyansa albashi. Wannan ma'aikaci ba ya caca ko kaɗan, haka ma maigidansa, domin a faifan cacar rulet na Turai akwai gurbi 37, daga sifiri zuwa 36, alhali wanda ya dace da lamba ɗaya ninki 35 kawai ake biyansa, ta yadda, in wasa ya yi tsawo, kashi ɗaya cikin 37 na dukan abin da aka zuba hisabi ya riga ya hukunta wa gida shi.

Saboda haka tarihin wannan kalma hujja ce a kan abin da cacar zamani ta zama: lafazin ya wanzu yana ɗauke da ma'anar abokin tafiya, haƙiƙa kuwa ta juya, ɗan caca ya rage shi kaɗai yana ɗauke da hatsari. Wajibi ne ga ɗalibin harshe, a duk inda ya tarar da suna, ya tambayi wa mai sunan yake yi wa hidima a yau, kada daɗin asali ya ruɗe shi. Allah Ya tsare mana dukiyarmu da hankulanmu.