Shigowar Sabuwar Shekarar Hijira da Al'adar Cika-Ciki a Ƙasar Bagudo

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, Mai jujjuya dare da rana. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Shugaban halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, 'yan'uwa sun sani cewa Halifa Umar ɗan Haɗɗabi, Allah Ya yarda da shi, shi ne ya tsayar da ƙidayar shekarun Musulunci bisa shawarar sahabbai. Aka ɗauki hijirar Manzon Allah (SAW) daga Makka zuwa Madina a shekarar 622 ta Miladiyya a matsayin mafari, aka kuma sanya Muharram, ɗaya daga watanni huɗu masu alfarma, ya zama farkon shekara.

Hausawa suna kiran wannan wata Cika-ciki. Magidanci yakan ajiye wutsiyar ragon layya tun daga babbar salla, sai daren Ashura a dafa ta, a yi tuwo mai yawa, kowa ya ci ya ƙoshi, a kuma aika wa maƙwabta. A watan ne taubasai suke bin juna kuɗin shara cikin raha. Malamai kuwa suna kwaɗaitar da azumin Tasu'a da Ashura, ranar 9 da 10 ga wata, domin a ranar Ashura ne Allah Ya tserar da Annabi Musa daga Fir'auna, kuma ya inganta cewa azuminta yana kankare zunuban shekarar da ta wuce.

Ma'aunin magabata game da al'ada a fili yake: wadda ta dace da shari'a a riƙe ta, wadda ta saɓa a bar ta. Ciyarwa da sada zumunta ibada ne. Amma wasan jifa da wuta da yara suke yi da dare a wasu garuruwa, wanda kan jawo gobara da rauni, ba shi da madogara. Haka nan wanda ya cika cikinsa har ya kasa tashi sallar asuba, ya riƙe sunan al'adar ne kawai, ya saki manufarta.

Akwai abin lura a waɗannan shekaru. Shekarar Hijira kwana 354 ce ko 355, tana gaza ta Miladiyya da kimanin kwana 11. Shi ya sa 1446 ta kama a watan Yuli na 2024, 1447 kuma a ƙarshen Yuni na 2025. Ke nan Cika-ciki yana faɗowa ne a farkon damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, sabon gero bai nuna ba, hatsi kuma ya yi tsada a kasuwa. A irin wannan lokaci gidaje da yawa suna kwana ba su ɗora tukunya ba, kunya ta hana su faɗa. Cikin da ya fi cancanta a cika shi ne na maraya, da matar da mijinta ya rasu, da almajirin tsangaya.

Wannan haƙƙi bai tsaya a bakin iyaka ba. Yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 1898 ce ta raba ƙasar Borgu, Illo ta faɗo ɓangaren Ingila, Nikki ta faɗa ɓangaren Faransa. Amma mutanen Lolo, Tsamiya da Ka'oje suna da dangi da surukai a Segbana, Malanville da Kandi a Jamhuriyar Benin. Lokacin da aka rufe iyakokin Nijeriya a watan Agusta na 2019, an ga yadda ziyara ta yi wuya, zumunci ya yi sanyi. Turawa sun raba ƙasa, ba su raba alƙibla ba, kuma zumunta a ƙafa take.

Saboda haka, muridi na gaskiya yana buɗe shekara da yi wa kansa hisabi: wuridi nawa ya kuɓuce masa, bashin wa yake kansa, wane ɗan'uwa ya ƙaurace wa. Ya kamata kowace zawiya ta tara mudu-mudu na hatsi kafin Ashura, muƙaddamai su raba shi a asirce, a kuma tura wakilai su gaido 'yan'uwa na ƙetaren iyaka. Iyaye su koya wa yara sunayen watannin Musulunci, domin yaron da bai san kwanan wata ba, ba zai san ranar azumi ba.

Allah Ya sa a shiga sabuwar shekara lafiya, Ya ba da damina mai albarka, Ya zaunar da ƙasashen biyu lafiya, Ya jiƙan shehunai da magabata. Amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.