Majigi: Ƙyalle Ya Nuna, Baki Ya Yi Bayani

 

Na'urar nan da ke haska bango a bayana, sunanta ya girme ta nesa ba kusa ba. Majigi asalinsa sunan fitilar da Turawa ke haska hotunan gilashi da ita ne tun kafin silima, Bahaushe ya lanƙwasa shi daidai bakinsa. A zamanin mulkin mallaka mota ce ke yawo da majigi gari-gari, a kafa farin ƙyalle a fili bayan magariba, a nuna fim kan tsafta ko noma, ga mai bayani a tsaye yana yi wa jama'a Hausa. Ku lura da rabon aikin: ƙyalle na nunawa, mutum na magana. Wannan rabon muka yar, kuma abin yana damuna.

PowerPoint ya fito a 1987 daga wani ƙaramin kamfani, Forethought, wanda Microsoft ya saya a shekarar kan dala miliyan 14. Yau shi da takwarorinsa, Keynote da Google Slides, duk suna ɗaukar hoto da bidiyo da sauti, amma mu rubutu muke dura musu.

Na taɓa zama wurin kare kundin digiri. Wata ɗalibar aikin gona na bayani kan tsutsar nan mai cin masara da ta ɓulla a Najeriya a 2016. Kowane shafi maƙil da rubutu, ta ba mu ƙeya tana karantawa. Sai a lokacin tambayoyi ta ciro waya ta nuna mana hoton da ta ɗauka da kanta a gona: ganye huda-huda, ga kashin tsutsar kamar garin katako ya taru a tsakiyar shukar. Nan take malamai suka gyara zama. Na ce mata, 'yata, wannan hoton ai da shi ya kamata ki buɗe.

Richard Mayer na Jami'ar Kalifoniya ya daɗe yana gwada wannan batu na hoto da rubutu. Ya gano mutum ya fi fahimta idan an ba shi hoto da magana, a kan a ƙara masa da rubutun maganar a allo, don ido ba ya kallo da karatu lokaci guda. Hoton ado kuwa, furanni da tambari mai juyi, hankali kawai yake ɗaukewa.

Kada ku ɗauka ƙaramin abu ne. Ranar 1 ga Fabrairu 2003 kumbon Columbia na Amurka ya tarwatse yana dawowa, mutum 7 suka mutu. Tun wajen tashi wani ɓallin soso ya bugi fiffikensa na hagu. Injiniyoyi sun yi wa shugabanni bayani da irin shafukan nan, amma maganar da ta fi kowacce nauyi, wato ɓallin ya ninka wanda aka yi gwaji da shi sau 640, tana can ƙasan shafi da ƙananan haruffa. Wani masani mai suna Edward Tufte ne ya feɗe shafin, kwamitin binciken hatsarin ma ya soki wannan salon a rahotonsa.

Bidiyo kuma a ajiye shi don abin da sai da motsi ake gane shi, kamar yadda ake ɗaura wa jinjiri ƙarin ruwa. A yanke shi kada ya wuce minti ɗaya ko biyu, a yi shiru yana tafiya. A cusa shi cikin fayil ɗin kansa a tsarin MP4, don wanda ya dogara da YouTube ya bar laccarsa a hannun sabis. Ku zo da wuri ku gwada lasifika. In wuta ta ɗauke, ku ajiye linzami, ku fuskanci jama'a, ku ci gaba daga inda kuka tsaya.