Haɗa Kundayen Asibiti don Nazarin Dashen Zuciya ga Yara: Darasi daga Amurka

 

Mas'alar da na zo da ita yau ta shafi yadda ilimi ke samuwa a wurin da marasa lafiya ba su da yawa, alhali kuwa kowane ɗaya daga cikinsu rayuwarsa na rataye da hukuncin da likita zai yanke. Kwana uku kacal bayan Christiaan Barnard ya yi dashen zuciya na farko a Afirka ta Kudu a watan Disamba na 1967, Adrian Kantrowitz ya gwada irinsa ga wani jariri a birnin New York, amma jaririn bai wuce 'yan sa'o'i a raye ba. Sai da maganin cyclosporine ya samu izini a 1983, sannan Leonard Bailey ya yi nasara ga jariri a Loma Linda a 1985, kafin wannan aiki ya zama tafarkin da ake sa wa rai. Duk da haka, yaran da ake yi wa dashe a Amurka 'yan ɗaruruwa ne a shekara, sun kuma warwatsu cikin asibitoci masu yawa, har ya zama babu asibiti guda da abin da ya gani zai isa hujja.

Daga nan buƙatar kundaye ta taso. Dokar dashen gaɓoɓi ta 1984 ta kafa tsarin rabon gaɓoɓi na ƙasa, wanda ƙungiyar UNOS ta karɓi tafiyar da shi a 1986, kuma kundin SRTR yana tattara labarin wanda ya shiga jerin masu jira, da wanda ya bayar da zuciya, da tsawon rayuwar wanda aka dasa wa. Sai dai wannan kundi, ko da yake bai bar kowa a baya ba, ba ya bayyana abin da ya gudana kullum a gadon asibiti. Wannan kuwa yana cikin wani kundi dabam mai suna PHIS, wanda manyan asibitocin yara suka haɗu a kansa, inda ake rubuta kowane magani, da kwanakin ɗakin kulawa ta musamman, da kuɗin da aka caje, amma babu cikakken bayanin mai bayarwa ko na jira.

Tun da dokar tsare sirrin majiyyaci ta 1996 ta ƙuntata amfani da sunaye, sai masu bincike da ke son haɗa kundayen suka koma ga alamomin da ba na kai tsaye ba, wato asibitin da aka yi aikin, da ranar haihuwa, da jinsi, da ranar dashe. Domin da wuya ƙwarai yara biyu su yi tarayya cikin waɗannan duka. Asalin wannan fanni ya daɗe, gama Fellegi da Sunter sun shimfiɗa ƙa'idojinsa na lissafi tun 1969. Sara Pasquali da abokan aikinta suka bi wannan hanya a 2010 wajen tiyatar zuciyar yara, sannan Justin Godown da jama'arsa a Jami'ar Vanderbilt suka wallafa haɗin SRTR da PHIS a 2017, inda mafi rinjayen yaran suka dace da takardunsu. Da haka aka samu damar tambayar abin da a da ba ya amsuwa: me ya sa asibitoci suka saɓa wajen magungunan danne garkuwar jiki, sau nawa yaro ke komawa asibiti, kuma nawa ne haƙiƙanin kuɗin jinya.

Amma wajibi ne mu yi hattara. Malaman hadisi sun koya mana cewa taruwar riwayoyi biyu tana ƙarfafa labari ne kawai idan an san halin kowane mai riwaya, kuma haka al'amarin yake a nan. Kundin PHIS an rubuta shi ne da niyyar lissafin kuɗi, saboda haka lambar da aka bai wa cuta tana iya saɓa wa abin da likita ya gani. Ga shi kuma Amurka ta sauya tsarin lambobin cututtuka a watan Oktoba na 2015, abin da ke rikitar da kwatanta shekaru. Bugu da ƙari, yaron da aka yi wa aiki a asibitin da ba ya cikin PHIS ba zai bayyana ba sam, kuma dacewar abu biyu a kundi ba dalili ba ne cewa ɗaya ne sanadin ɗaya.

Shawarata ga masu wannan aiki ita ce su bayyana adadin waɗanda aka kasa haɗawa tare da siffofinsu, su tantance samfuri daga takardun asali na asibiti kafin su yi istinbaɗi, su kuma riƙe bayanan yaran a matsayin amana, domin iyayensu ba su bayar da su don a tozarta ba.