Ciwon Hawa da Sauka, Shan Barasa da Haɗarin Kisan Kai a Ƙasar Anka



A shekarar 1899 ne likitan nan na Jamus, Emil Kraepelin, ya ware wani taɓin hankali daga sauran, watau wanda yake zuwa da fuska biyu. Wani lokaci mai shi ya hau: barci ya ƙaurace masa, surutu ya yi yawa, ya dinga kyauta da abin da ba nasa ba. Bayan makonni kuma ya sauko, ya shige ɗaki, ko sallama ba ya iya amsawa. Wajen mutum ɗaya cikin ɗari yana da wannan ciwo, kuma babu wani taɓin hankali da ya fi shi kusa da kisan kai sai kaɗan. Binciken da aka yi a Amurka cikin shekarun 1980 ya nuna kusan rabin masu nau'insa mai tsanani sukan faɗa wa barasa. Idan biyun suka haɗu haɗari yakan ƙaru ƙwarai, domin ciwon ne yake kawo tunanin mutuwa, barasa kuwa ita take kwance linzamin da zai tsayar da mutum.

To, me ya kawo wannan magana Dareta? A shekarar 2010 yara suka yi ta mutuwa a Dareta ta ƙasar Anka da 'Yargalma ta ƙasar Bukkuyum, ana zaton zazzaɓi ne, har likitocin ƙungiyar MSF suka gano gubar dalma ce daga duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje. Yara fiye da 400 suka rasu. Zinariyar nan tana da wani lahanin da ba a cika lura da shi ba: tana ɓoye mai wannan ciwo. A garin haƙar zinariya, saurayin da ya kwana uku bai runtsa ba, ya sayi babur yau ya kyautar gobe, ba wanda zai ce ba shi da lafiya. Cewa za a yi ya haɗu da sa'a. Sai ranar da ya sauko ya tarar da bashi da kunya suna jiransa, kuma wannan lokaci na daga cikin waɗanda likitoci suka fi tsoro.

Har ila yau akwai shari'a. Tun watan Janairu na 2000 Jihar Zamfara ta haramta barasa, hukuncin mashayi bulala tamanin. Sashe na 231 na Final Kod kuma ya tanadi ɗauri har na shekara guda ga wanda ya yi yunƙurin kashe kansa, kuma Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin dokar mahaukata ta 1958, ba ta soke wannan sashe ba. Ba hurumin likita ba ne ya yi fatawa. Abin da ya shafe shi shi ne, mutumin da yake tsoron bulala da kurkuku da sunan hauka ba zai faɗi gaskiya a asibiti ba, dangi kuma sai su ce iska ce. Likitan da bai san majinyaci yana sha ba, ko bai san ya taɓa hawa ba, yana iya ba shi maganin baƙin ciki kaɗai, maganin kuwa ya tayar da ciwon.

Lalle ne dangi su tambayi mai ciwon kai tsaye, cikin sirri, ko yana tunanin mutuwa. Tambaya ba ta shuka wannan tunani. A kuma kulle maganin ƙwari na gona. Ƙasar Sri Lanka ta hana mafiya dafi daga cikinsu, kisan kai ya ragu da fiye da rabi tsakanin 1995 da 2015. Wanda ya daɗe yana sha kada a yanke masa rana ɗaya ba likita, domin farfaɗiya tana iya kama shi.

Magani kuwa akwai shi. Gishirin litiyam, wanda John Cade ya wallafa sakamakon gwajinsa a Ostireliya a 1949, yana rage hawa da sauka, yana kuma rage kisan kai. Amma yana bukatar awon jini a kai a kai, musamman da bazara ko azumi, lokacin da ƙishirwa take sa ya taru a jiki. Asibitin ƙwaƙwalwa na Gwamnatin Tarayya yana Kware, gaba da Sakkwato, kuma mutumin Dareta sai ya nemi kuɗin mota da ɗan rakiya kowane zuwa.