Kafin a Kafa Inji: Lacca kan Sauya Tsarin Kasuwanci

 Lokaci kaɗan aka ba ni, don haka zan tafi kai tsaye.

Na daɗe ina jayayya da wasu abokan aikina da jami'an hukumomin tallafa wa masana'antu a kan magana guda. Su a wurinsu, ɗan kasuwa bai ci gaba ba sai ya bar saye da sayarwa ya kafa masana'anta. Duk taron da aka yi sai an kawo sunan Aliko Ɗangote, a ce ga wanda ya bar fatauci ya koma sarrafa kaya. Ni kuma na ce labarin gaskiya ne, amma daga ƙarshe suke karanta shi.

Ba sai na tuna muku abin da ya sami masaƙun Kaduna da kamfanonin Bompai da Sharaɗa da Challawa na nan Kano ba, a gabanku aka rufe su. Mu tsaya a kan siminti. Ɗangote ya fara kasuwanci a 1977, kuma ya shafe fiye da shekara ashirin yana shigo da siminti da sukari da shinkafa yana rarrabawa. A waɗannan shekaru ya san dilolin kowane gari, ya san wanda ke biyan bashi da wanda ke kwana da shi, ya san watan da gini ke tsayawa saboda damina. Sai a 2000 ya sayi hannun jarin kamfanin siminti na Benuwai da ke Gboko. A 2002 gwamnatin Obasanjo ta fito da manufar cewa ba za a ba ka lasisin shigo da siminti ba sai ka nuna kana gina masana'anta a gida. Masana'antarsa ta Obajana, a jihar Kogi, ta fara aiki a 2007, ta Ibese ta biyo baya a 2012. Ku duba abin da ke hannunsa ranar da buhun farko ya fito: masu saye suna nan tun da can, dutsen da ake ƙonawa yana kwance a bayan masana'anta, manyan motocinsa ne ke kai kaya, gwamnati kuma ta tare masa ƙofar teku. Injin shi ne ya zo a ƙarshe. Abin da ya sauya kawai shi ne inda buhun ke fitowa, da Apapa, yanzu Kogi.

To, ga mutumin nan dai, da dukiyarsa da ƙwararrunsa, a Kadawa, nan kusa da mu. An buɗe kamfanin sarrafa tumatir a 2016, mai iya cin tan 1,200 a kullum. Ba a jima ba ya tsaya. Tsutsar nan ta Tuta absoluta ta cinye gonaki a shekarar, wannan kowa ya sani. Amma ko bayan ta lafa, an yi ta buɗewa ana rufewa, domin manomi ba dutse ba ne. Idan kwandon tumatir ya yi daraja a kasuwa, motar Legas zai ɗora wa kayansa, kuma ba wanda zai ga laifinsa. Girbin ma na 'yan watanni ne, sauran shekara injin yana zaune. Idan har jari mai yawa bai iya rufe wannan giɓi ba, ina ga mai rumfa biyu a kasuwar Singa da kuke zuga shi ya ci rance ya sayo inji?

Za a ce mini fatauci ba ya samar da ayyukan yi kamar masana'anta, kuma ƙasa ba ta ginuwa da shigo da kayan wasu. Na ji. Amma masana'antar da ke rufe ba ta ɗaukar ko maigadi na biyu.

Alhassan Ɗantata ma ya sauya tsari. Goro yake kawowa daga Gwanja, da jirgin ƙasa ya iso Kano ya koma sayen gyaɗa yana sayar wa kamfanonin Turawa. Kaya ya sauya, amma wakilansa na ƙauyuka da amanar da ke tsakaninsu su ya ɗauka ya shiga da su sabuwar harka.

Shawarwarina ba sababbi ba ne, wasunku sun gaji da jin su. Bankin Masana'antu da takwarorinsa su rage ɗokin ba da rancen sayen inji, su ƙara na kuɗin juyawa, domin da ruwan ciki ake jan na rijiya. Duk wanda ya zo neman rancen kafa masana'anta, a fara duba littafin cinikinsa na shekarun baya, a ga ko ya taɓa sayar da irin kayan da yake son yi, kuma wa ya saya. Idan kayan gona zai sarrafa, ya kawo yarjejeniyarsa da manoma, da farashin da zai biya ranar da kasuwa ta fi shi tayi. Mu kuma malamai, mu daina ba ɗalibi maki a kan tsarin kasuwancin da ya rubuta bai taɓa zama yini guda a kasuwar Kwari ko ta Dawanau ba. A tura ɗalibai can zango guda, a sa wannan zama cikin manhaja, da maki a kansa.