Jawabin Taron Shekara: Abin Da Annobar Korona Ta Koya Mana

 

Lokacin da aka tabbatar da ɓullar cutar korona a Legas ranar 27 ga Fabrairu, 2020, da yawanmu mun ɗauka abin na nesa ne. Ranar 30 ga Maris aka rufe Legas da Abuja, a watan Afrilu kuma aka rufe Kano. Aka kulle kasuwanni da makarantu, aka dakatar da sallar Juma'a, daga bisani aka hana zirga-zirga tsakanin jihohi. Azumin wannan shekara ya riske mu a cikin ɗaki, Sallah ta zo babu hawa, maniyyatanmu kuma ba su sami zuwa aikin Hajji ba a 2020 da 2021.

Waɗanda suka fi jin jiki a cikinmu su ne masu sai an fita a samu: direbobi da 'yan dako da teloli da masu tireda. Magidanci ya wayi gari da iyali, ga lafiya, ga sana'a, amma babu damar fita neman kuɗin cefane. Wasunmu sun rasa iyaye a gida, ba su sami halartar jana'iza ba, sai ta'aziyya ta waya. Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu.

A nan ne muka ga abin da bai kamata mu manta ba. Mu da muka saba aika kuɗi gida muna ganin mu ne gatan gari, sai ga shi gida ne ya ciyar da mu. Da yake ba a hana motocin abinci wucewa ba, iyayenmu suka buɗe rumbunansu, suka riƙa aiko mana da gero da dawa da wake, har da kuka da daddawa. Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi, amma mu namu gidan bai bar mu ba.

A watan Mayun 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye matakin gaggawa a kan cutar. Sai dai dattawanmu ba su manta da sanƙarau na 1996 ba, kuma babu mai tabbacin wata annobar ba za ta sake zuwa ba. Don haka muke kira ga wannan taro da ya amince da abubuwa uku: asusun ko-ta-kwana da kowane reshe zai riƙa zuba wa kuɗi duk wata, da rumbun hatsi da za a cika da kaka lokacin da farashi ya sauka, da kuma gyaran asibitin garinmu tare da haƙa masa rijiyar burtsatse. Bashi ne a kanmu, ya kamata mu biya tun iyayenmu suna raye.

Allah Ya kare mu daga annoba, Ya bar zumunci, Ya mai da kowa gidansa lafiya.